Rage gudu ana saura mako uku: dabara ce ko lalaci?

Auta: Salamu alaikum manyana. Saura mako uku cif gudun fanfalaki na Legas. Jiya na yi kilomita 32, daga filin wasa na Rumde Ajiya a nan Garwa na haye gadar Binuwai na dawo. Anti Nas ta ce daga yau in fara rage gudu, Baffa ya ce kar in kuskura. Ta wa zan bi?

Baffa Tsohon Soja: Wa alaikumus salam. Na faɗa, ina nan a kan bakana. Jiki wuƙa ne, ka ajiye shi ya yi tsatsa. Yaro zai yi kilomita 42 da mita 195, bai taɓa wuce 32 ba, kuma ku ce ya kwanta? Lalaci ne aka sa masa riga.

Anti Nas: Baffa, da girmanka, ba wanda ya ce ya kwanta. Wannan makon ya zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba, mako mai zuwa ya koma rabi, na ƙarshe ɗan abin da zai motsa jini. Ranakun fitarsa suna nan, saurinsa yana nan, tsawon ne kawai zai ragu. Dogon gudu yana yi wa tsoka ƙananan yage-yage, kuma amfaninsa ba ya fitowa sai jiki ya ɗinke su, kwana 10 zuwa 14. Duk wahalar da ya sha ana saura mako ɗaya, gajiyarta ce za ta bi shi Legas, ƙarfinta sai bayan ya dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tela: Ni ne shaida. Bara shawarar Baffa na bi, na buga 30 ana saura kwana takwas. Ranar gudu tun daga kilomita 27 cinyoyina suka zama kamar an ɗaura mini turmi. Ga sabon takalmi da na tsinta a gwanjo ana jibi tafiya, don ya yi mini kyau a hoto. Da na cire safa, jini ya manne ta da babban yatsa. Farcen ya yi baƙi, bayan wata guda ya fita ina kan keken ɗinki.

Baffa Tsohon Soja: Kai takalmi ya kayar da kai, kar ka ɗora mini. Abebe Bikila ɗan Habasha ba takalmi ya ci gudun fanfalaki na Olympics a Roma a 1960.

Tela: Ranka ya daɗe, ai ka kawo mini hujja. Sabon takalmin da ya samu a can ne bai zauna masa ba, ya sa masa bororo, shi ya sa ya koma yadda ƙafarsa ta saba.

Mai Shayin Yalwa: Ni dai ku yi ta gardamarku, kar wanda ya taɓa shayi. Auta kullum sai ya sha na ɗaya, na biyu, na uku kafin ya tashi.

Anti Nas: To ga inda nake so a zo. Wannan zaman har sha biyun dare ya fi ƙarin gudu yi masa ɓarna. Ya sha na safe, bayan la'asar ya haƙura, ya kwanta bayan isha'i. Daren jajiberi kusan kowa ba ya samun barci saboda zullumi, na makon ne zai riƙe shi. Sai abinci. Tsoka da hanta suna ajiye sukari, kuma shi ne yake ƙarewa wajen kilomita 30 zuwa 35 har mutum ya ji kamar ya yi karo da bango. Kwana biyu ko uku na ƙarshe ya cika tumbi da shinkafa, taliya, dankali, kunu, burodi. Mai kilo 60 yana bukatar wajen giram 500 zuwa 600 na sinadarin sitaci da sukari da ke cikin irin wannan abinci a yini. Tsire mai yaji, wake da ganye da yawa, ya bari sai ya dawo. In sikeli ya nuna ƙarin kilo ɗaya kar ya firgita, ruwa ne sukarin yake riƙewa.

Mai Shayin Yalwa: Anti kin kashe mini kasuwa.

Ɗan Ngaundare: Ni rabina yana wajen Baffa. Da na rage, mako na biyu sai na ji jikina ya yi nauyi, gwiwa tana ciwon da ban san ta da shi ba, ina ta faɗa da yara a gida. Kuma akwai abin da kuka manta. Mu a Fabrairu hunturu muke ciki, iska busasshiya, gumi yana fita yana bushewa. Legas danshi ne, gumin yana zama a jiki. In Auta asuba kawai yake fita cikin sanyi, can zai sha mamaki.

Anti Nas: Nauyin nan da ƙaiƙayin ƙafa kusan kowa yana jin su, suna wucewa. Maganar zafi kuma ka yi gaskiya. Ya mayar da gajerun fitarsa zuwa hantsi, a hankali, jiki yana sabawa cikin mako biyu. Amma kar ya ce zai ɗura ruwa jarka-jarka, yawansa yana tsarma gishirin jini, mun ga wanda haka ta kwantar.

Auta: Azumina na Alhamis fa? Asabar ake gudun.

Malam Ladan: Nafila ce ɗana, kuma ranar kana kan hanyar Yola. Ka sha ruwanka.

Baffa Tsohon Soja: Kun taru kun yi mini rubdugu. A zamaninmu da kaya a baya muke yi, ba wanda ya auna mana shinkafa. Gobe ƙarfe biyar ina bakin gada, mai zuwa ya zo.

Auta: Zan zo Baffa, amma a kilomita 12 zan juyo.

Baffa Tsohon Soja: Sai ka juyo kai kaɗai.

Mai Shayin Yalwa: Kafin ka daina zuwa, Auta, akwai sefa 1,500 a littafi.