Neman shawara: CBR ɗina na karya mani baya a doguwar tahiya

Mai tambaya, unguwar Zariya, Maraɗi:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nike nema, musamman daga manyanmu da sunka daɗe bisa hanya.

Ina da Honda CBR600F ƙirar 2002, inji 599 cc, silinda huɗu, irin wanda ba shi da karbirato. Na hannu ne, ta Kwatano anka shigo da shi. Injin lahiyarshi lau, kuma Allah Ya sani ina son babur ɗin nan, ba ni da niyyar rabuwa da shi. Sai dai sana'ata na kai ni Damagaram a kai a kai, kusan kilomita 240, surukaina kuma suna Yamai, sama da kilomita 650, ina burin in riƙa zuwa da shi. To kahin in kai Tasawa wuyan hannuna ya yi tsami, minjirya ta kama yatsun dama, wuya ya ƙage, gwiwa ta sandare. In na sauka sai na dafa bango kahin in miƙe.

Wani mai walda ya ce in kawo a yanke gidon, wato ƙarfen da ake riƙe kan babur da shi, a ɗora mani dogo irin na baburan kabu-kabu, in zauna miƙe. Wani ya ce gilashin gaba zan canza. Jikka 300, wato sefa dubu 300, na ware ma aikin. Da me zan fara? Kuma uwargida na son ta riƙa bi na wani lokaci.

Bakanike, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, don girman Allah kada ka bari wuta ta taɓa gidon nan. Ba sanda ɗaya ba ce irin ta ƙananan babura, hannuwa biyu ne, kowane ɗaure da ƙafar gaba. Birkin gaba mai faranti biyu ne, in ka matse shi da ƙarhi nauyinka duka kan hannuwan nan yake sauka. Walda ta tsage a wannan lokacin, sai dai wani labarin.

Abin da ake yi shi ne a sa ƙarfen ɗagawa da anka ƙera don wannan ƙirar, ya ɗaga hannuwan santimita 2 zuwa 3, ya ɗan jawo su baya. Kada ka raina wannan, jiki na jin bambancin. Wuce haka kuma rigima ce: tiyon birki zai yi gajarta, wayar totur da ta kuloci su ɗame, hannun ya riƙa bugun rigar babur. In an ɗaura, a juya kan har ƙarshe hagu da dama inji na aiki. In ƙarar ta tashi da kanta, wayar totur ce ta ja, kada ka hau sai an gyara. Ka duba kuma babban yatsanka bai matse jikin tanki ba.

Amma ni in kuɗin nawa ne, ba nan zan fara ba. Babur ɗin ya haura shekara 20. Taya tukuna. Naka 120/70-17 ne gaba, 180/55-17 baya. A gehen tayar akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 3518 na nuhin mako na 35 a 2018. Tayoyin da ke zuwa da baburan nan da yawa zanensu na nan ras amma robar ta bushe. Ka nemi na doguwar tahiya, irin Michelin Road ko Pirelli Angel GT, tsakiyarsu ta fi tauri, ba ta saurin shahewa a miƙaƙƙiyar hanya irin tamu. Iska bar 2.5 gaba, bar 2.9 baya, a auna da sahe kahin taya ta yi zahi.

Sai regilato, na'urar da ke daidaita wutar caji. Hondar waɗannan shekarun an san su da wannan ciwon, zahi ke cin ta, mu kuwa a watan Afrilu muna haura digiri 40. A sa mita a batir, a tada inji a ba shi wuta: wajen volt 14 ake so. Ƙasa da 13 ko sama da 15, ka canza kahin ta aje ka tsakanin Madawa da Galmi. A zare soket ɗin a duba, in ya yi baƙi ko robar ta narke, ya riga ya faɗa maka.

Man ƙafafun gaba ma na tabbata tun Turai ba a canza shi ba. Amortisan babur ɗinka, gaba da baya, duk ana iya saita su. Rabin dukan da bayanka ke sha daga nan yake.

Kawu, tsohon direban babbar mota:

Ɗana, ni gaskiya zan faɗa maka ko ba ta yi daɗi ba. Wannan babur don gudu anka yi shi. Cikinshi na kusa da ƙasa, bututun hayaƙi na bi ta ƙarƙashi, kowane tudun rage gudu na ƙauyukan hanya sai ka bi shi a karkace. Ranar da aiki ya kai ka Dakwaro ko wani ƙauyen Mayayi ka sauka daga gudron, wato kwalta, rairayi zai nuna maka iyakarka. Ka saida shi, ka cika da kuɗin hannunka, ka nemi Transalp mai tayar gaba inci 21 ko V-Strom 650 mai inci 19. Zama miƙe, wurin kaya, wurin iyali. Na ga yara da yawa sun zuba kuɗi a irin naka, daga baya sunka saida da asara.

Ɗan Tibiri:

Kawu, Allah Ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce ga mai shiga daji. Amma shi hanyarshi babbar hanyar ƙasa ce, RN1, gabas da yamma, gudron ne. Kuma CBR mai F ba irin CBR mai RR na tsere ba ne, tun asali Honda ta yi shi ne don a hau kullum, zamanshi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Irin shi nike hawa.

Malam, maganar gilashi ka yi hattara. Iskar da ke bugun ƙirjinka in ka kai gudun kilomita 100 a awa ita ke ɗauke maka nauyi daga hannu. Ka sa dogon gilashi ya tare ta duka, nauyin ya koma wuyan hannu, iskar kuma ta dawo tana kaɗa maka kaske, hular kwano. Mai ɗan tudu a tsakiya ya isa, shi ma sai bayan an ɗaga gido, don zamanka zai canza.

Minjiryar yatsu kuwa, duba ƙarshen hannuwan. Akwai ƙarfe mai nauyi da ke shanye karkarwar inji, sau da yawa ana cire shi in babur ya taɓa faɗuwa a sa na roba. Mai da na asali. Kuma ka koyi matse tanki da gwiwa, ka saki gwiwar hannu. Yawancinmu riƙon totur muke kamar za a ƙwace mana shi, ciwon daga nan yake farawa.

Mai ɗinkin kujerun mota, Mokoyo:

Sirdi aikina ne, bari in sa baki. Kowa in ya zo cewa yake a sa mashi soso mai laushi. Shi ke kashe mutum. Mai laushi minti kaɗan ya lotsa, ƙashin zamanka ya iske robar ƙasa. Soso mai tauri ake sawa a ƙasa, siririn mai laushi a sama, a faɗaɗa wurin zaman ta baya, a rage gangaren da ke turo ka jikin tanki. In an ƙara tsawo santimita 2, gwiwa ma ta samu sarari, amma ka tuna hannunka zai ƙara nisa, don haka a yi shi tare da gido. Ka zo da babur ɗin ka zauna a kai in zana da alli kahin in sa wuƙa.

Sannan ka samu buzun rago wajen dukawa, a yanka daidai sirdin, a sa mashi igiyar roba ta ƙasa. Iska na ratsa gashin, zuhwa ba ta taruwa, in ka aje babur a rana ba ka dawo ka iske baƙar leda ta yi zahin ƙuna ba.

Malamar asibiti:

Ni ba na hawa, amma ina ganin waɗanda ake kawowa. Yayana, cikin jikka 300 ɗin nan ka fara cire kuɗin kaske biyu masu rufe haɓa, naka da na matarka, da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Ita kuma lafaya ko dogon hijabi a tattare shi sosai, kada gehe ya yi lilo kusa da sarƙa, na ga abin da wannan ke yi ma mata. Wurin zaman baya na irin baburan nan ƙarami ne kuma sama yake. Ku fara gwada Madarumfa ku dawo, ita za ta faɗa maka ko za ta iya Yamai. Ruwa kuma a sha kahin ƙishirwa ta zo. In minjiryar ba ta saki bayan ka sauka, ko tana tada ka da dare, ka zo a duba jijiyar.

Ɗan kasuwa mai bin hanyar Ƙonni:

Tankinka lita 18 ne. Kada ka dogara da shi fiye da kilomita 200, ka cika a Madawa da Ƙonni, ka sake a Dogon Dutsi da Doso. A gidan mai za ka sha. Ruwa-ruwan kwalba ƙaramin babur na haƙuri da shi, amma naka famfo ne da allura, ƙasa ko ruwa kaɗan ya toshe su, kuma ba kowane gari ke da mai iya buɗe su ba. In dole ta sa, tace da tsumma mai tsabta.

Sarƙa: mai da rairayi in sun haɗu dutsen niƙa ne. Wanke da kananzir, ba esans ba, don yana cin ƴan zobban roban ciki. Mai kaɗan, ka goge saura. Matatar iska na ƙarƙashin tanki, lokacin hunturu a riƙa buɗewa. Radiyato kuma ban da ruwan rijiya.

Ka fita bayan asuba, rana ta faɗi kana masauki. Amalanke ba ta da fitila, shanu ma haka, kuma kowa ya san halin rashin tsaron da yankin Gidan Rumji ke ciki. Takardun duwan, kart giriz, asurans da permi su zauna a jakar tanki. Tun 2015 a Diffa, da 2020 a sassan Tilaberi, an sha hana zirga-zirgar babura saboda tsaro, don haka ka tambayi jandarmomi halin hanya kahin ka kama yamma.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba yanzu da tocila, tayar baya 2016 ce, ƙarfen hannun dama kuma na roba ne. Walda na fasa. Kawu, na ji maganarka, in aiki ya fara kai ni ƙauye zan dawo gare ta. Zan fara da taya, kaske da regilato, sai sirdi. Tambaya ɗaya ta rage: jakunkunan gehe fa, ba za su ƙone jikin bututun hayaƙi ba?

Bakanike:

Za su ƙone in sun zauna a kai. Na yadi ka saya, a ɗaure su sama, tsakanin ta dama da bututun ya kai faɗin tahin hannu, ka gwada da mutum zaune a baya don babur na nutsawa. Kaya masu nauyi a jakar tanki. Ka sa kayan toshe hujin taya da ƙaramin famfo, tayarka ba ta da tib. Kawo shi ranar Asabar da sahe kahin gareji ya cika, mu fara da auna caji.