Shawarwari kan hotunan tauraron ɗan Adam bayan ambaliyar Maiduguri

Mun zauna da wasu ma'aikatan agaji da masu zanen taswira, muka tattauna ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle.

Maganar gajimare ce ta fi cin lokaci. Da damina, hoton tauraron ɗan Adam na Sentinel-2 sau da yawa hadari kawai yake nunawa, shi ya sa aka ce a fara da tauraron Sentinel-1 mai aiki da rada (na'urar da ke aika sigina ƙasa ta karanta abin da ya dawo), wanda ke ratsa gajimare dare da rana, kuma hotunansa kyauta ne. Sai dai rada takan ruɗe a unguwanni masu cunkoson gidaje irin Gwange, ruwan da ya kwanta a lunguna ba ya fitowa sosai. A nan na fi gamsuwa da masu cewa dole a tura matasan unguwa da waya su tabbatar da idonsu, domin daga sama ba a ganin katangar ƙasa da ta jiƙe tana shirin faɗuwa kan mutane.

An kuma nemi a zana gidaje da hanyoyi a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara bayani a kai, tun da rani, don a samu abin kwatantawa. Taswirar kuwa a buga ta a takarda a kai wa hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) da masu unguwanni, saboda wuta da intanet kan ɗauke.