Karas bayan tumatir a ƙarshen Disamba: in zuba ko in haƙura?

Manomin Garun Malam: Assalamu alaikum. Rabin eka ce, ƙasa mai ɗan laka. Bara tumatir ne a ciki, kuma da aka tuge shi saiwar duk ta yi ƙululu. Ga Disamba ta kusa ƙarewa. In zuba karas ko in bari sai baɗi? In zan zuba, wane irin karas, Touchon ko Kuroda?

Ɗan Kura: Wa alaikumus salam. Kilo 3 zuwa 4 ake zuba wa hekta, ka ga rabin eka giram 600 zuwa 800 ya ishe ka. Ka gauraya irin da busasshen yashi kafin ka yafa. Zurfi kada ya wuce santimita 1, kuma kada saman fangali ya bushe har sai ya tsiro, kwana 7 zuwa 14. In ya yi ganye uku ka rage shi, tsakanin kowane biyu ya zama kamar yatsa uku. Ba a dashensa.

Baban Lambu, Bunkure: Duk wannan lissafi banza ne in irin matacce ne. Bara a layinmu na awo aka saya, wanda ake ɗiba daga buɗaɗɗen gwangwani a ƙulla a leda. Aka yi ta ban ruwa, ana ƙona fetur, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai fito ba. Da aka koma wa mai shagon sai ya ce wai mu muka binne shi. Irin karas ko an adana shi da kyau da ƙyar yake wuce shekara 3, balle wanda ya sha zafin rumfar kwano. Allah ya isa.

Ɗan Kura: Allah ya mayar da alheri, Baba. Maganin wannan gwaji ne: ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a ƙirga bayan mako biyu. In bai kai 70 ba, a ƙara yawan iri ko a canja shi.

Baban Lambu, Bunkure: A canja da wane kuɗin? Gwangwani ya kusa ninka na bara.

Na Auyo: Anya kuwa? A nan ƙarin ko rabin haka bai kai ba.

Ɗan Kura: Ku faɗi girman gwangwanin tukuna. Ɗaya na maganar giram 100, ɗaya na maganar 50, kuma F1, wato irin da aka haɗa daga iyaye biyu daban, ba kuɗinsu ɗaya da na gama-gari ba.

Malamin gona: Ba wanda ya amsa wa bawan Allah tambayarsa. Ƙululun nan tsutsar saiwa ce da ido ba ya gani, kuma tana nan a ƙasar. Karas ya fi tumatir jin jiki a hannunta, domin saiwar ita ce hajar: in ta ciji bakin saiwar tana ƙarama, sai ya rabu biyu ko uku, ya yi gashi. Laka, tsakuwa da ɗanyen kashin kaji ma haka suke yi masa. Ga kuma lokaci. Karas ya fi yin ja da zaƙi tsakanin digiri 15 da 21, kuma yana cin kwana 90 zuwa 110. Wanda ya zuba yanzu, a zafin Maris da Afrilu zai yi ƙiba: gajere, launi a koɗe, da ɗaci. Kuroda ya fi jure zafi, amma ba ya maganin tsutsa. Shawarata, lokacin shuka alkama ya wuce, ka sa masara a wannan filin, karas kuma a nemi jigawa a zuba tun Oktoba ko Nuwamba.

Na Auyo: Karas mai ƙafa biyu ai sai dai a ɗinka masa wando, Malam.

Baban Lambu, Bunkure: Malam, kai albashi ne zai shigo maka ko karas ya yi ko bai yi ba. An sha zubawa a Janairu a nan an ci riba, saboda lokacin kasuwa ba kaya.

Malamin gona: Ranka ya daɗe, riba daban, kyan kaya daban. Kuma filinsa ba naka ba ne.

Ɗalibin aikin gona: Tun 2016 masana, ciki har da na Jami'ar Wisconsin a Amurka, suka karanta ƙwayoyin gadon karas, sama da 32,000, har da mai hannu wajen tara launin nan da jiki ke mayarwa bitamin A. Da irin wannan ake neman nau'i mai jure tsutsar.

Baban Lambu, Bunkure: Yaro, su fara nemo mana wanda zai tsiro. Me ya hana mu cire irinmu da kanmu kamar na albasa?

Ɗalibin aikin gona: Baba, irin Turai sai ya sha dogon sanyi yake fure a shekara ta biyu, namu hunturun bai cika isarsa ba. F1 kuwa ko ya yi, 'ya'yan ba sa kama da uwar.

Ɗan Kura: Maganar ɗaci, ba zafi kaɗai ba ne. Nunannen tumatir da ayaba suna fitar da wata iska da ke sa karas ɗaci in sun daɗe a rufe tare. Kuma a yanke ganyen da wuri, shi ke zuƙe ruwan saiwar.

Na Auyo: Ka faɗa wa dillalai. Kai za ka tuge, ka wanke, ka biya mota har kasuwar Yankaba, sannan a ce buhunka bai cika ba sai an ɗora masa hula.

Baban Lambu, Bunkure: Ga la'ada a kai, ga kuɗin sauke kaya.

Manomin Garun Malam: Na gode duka. To masarar, wane iri?

Na Auyo: Tsaya tukuna. A wajenku nawa ake cire la'ada a buhu?