Kwamitin makaranta: mai sa ido ne ko je-ka-na-yi-ka?

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na raka yarona firamaren unguwarmu, na iske aji biyu da iska ta yaye ma kwano tun farkon damina, yara na zaune gindin bedi. Na tambayi wani ɗan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, nawa ya shigo ma makarantar bana, ya ce shi dai an kira shi ya sa hannu, ya sa. Ni na gama yanke hukunci: kwamitin nan je-ka-na-yi-ka ne. Bai ganin kuɗi, bai tsara komai. A rushe shi kowa ya huta.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bar jaki kana dukan taiki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware ma UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Jiha ba ta ɗaukar kasonta na gine-gine sai ta aje daidai da shi, kuma kuɗin hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, suke zuwa, can ake ba da kwangila. Albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma kowace cikin 34 ɗin da muke da su a jihar Katsina tana da Sakataren Iliminta. Shi kwamiti daga baya ya zo, a 2006 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da kafa shi. Yaya za ka tuhume shi kan kuɗin da ba su taɓa biyowa ta ƙofarshi ba?

Ɗan Ƙofar Marusa: Ranku ya daɗe Baba, ai hujja kuka ƙara mani. In gini na sama ne, albashi na sama ne, shi me ya rage mashi? Alli?

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, ni na yi zaman kwamitin nan a kujerar mata, ba labari aka ba ni ba. Lokacin shirin tallafin ilimin firamare na NIPEP, wanda aka yi a Katsina, Kano, Jigawa, Kaduna da Sakkwato, tallafi ya shigo asusun makarantarmu kai tsaye. Kafin a taɓa ko kwabo sai da muka rubuta tsarin raya makaranta, abin da za a fara da wanda zai jira. Maza suka ce fenti, don masu zuwa duba aiki su ga kyau. Na ce ɗiyanmu mata da sun fara girma suke daina zuwa, saboda babu makewayi sai bayan katanga. Aka yi ta ja har la'asar, liman ya goya mana baya, aka gyara makewayin. Fentin bai samu ba, kuma ban ji yaron da ya fasa karatu don bango ya koɗe ba. Yanzu ma shirin ilimin 'yan mata na AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 ta hannun irin waɗannan kwamitoci yake ba sakandare tallafin gyara.

Malamin Lissafi: Hajiya, Allah ya saka, amma ku kun dace da mutane ne, ba tsarin ne ya yi kyau ba. Ku duba: hedimasta shi ne sakataren kwamiti. Shi ke kiran taro, shi ke rubuta abin da aka tattauna, rasidai na cikin durowarshi. Wanda aka ce a sa ma ido shi ke riƙe da alƙalami. Shugaba kuma galibi dattijo ne da mai unguwa ya nuna. Wane matashi ne zai miƙe gaban sa'an ubanshi ya ce a kawo takardar banki? Kunya ta gama da mu tun kafin a buɗe taro da addu'a.

Tsohon Hedimasta: Malam, wannan ka taɓa ni, don na riƙe alƙalamin nan shekaru. Ba zan ɓoye ba, akwai zangon da ban kira taro ba sam, kuma ba wanda ya tambaya. Ba don na ci wani abu ba, babu ma abin ci, sai dai in ba a neme ka ba kai ma sai ka saki jiki. Amma gyaranshi sauƙi ne: ma'aji ya zama ba malamin makarantar ba, a karanta shiga da fita gaban iyaye kowane zango, a manna kwafi a bangon ofis.





Ɗalibar Shari'a: Baba, ina neman izini. Ni ina ganin ana faɗa kan ƙaramar tukunya an bar babba a rufe. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura ma ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma tsarin mulkin 1999 ya sa su cikin masu ɗaukar nauyin firamare. In kuɗin ya sauko kusa, wa zai zauna lokacin da ake kasafin ilimi na ƙaramar hukuma ya ce makaranta kaza ta fi buƙatar aji? Kwamitocin su haɗa kai a matakin gunduma su riƙa kai buƙatunsu a rubuce kafin a rufe kasafi. Rushe su yanzu kamar toshe rijiya ne ana hango rani.

Tsohon Hedimasta: Ɗiyata, saukowar kuɗin ce ke ba ni tsoro. An kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1988, aka soke ta a 1991 aka bar ma ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi, sai da aka maido ta a 1993. Mu da muka ci bashin gero a lokacin ba mu manta ba.

Malamin Lissafi: Kuma ko sun haɗa kan, shawara ce kawai. Kwamiti bai ɗaukar malami, bai korar malami. In malami ya yi wata bai shiga aji ba, iyakarsu su rubuta takarda.

Maman 'Yan Biyu: To a rubuta mana! Mu mun rubuta, an share, muka sake rubutawa da sa hannun iyaye, muka kai da ƙafarmu. Ɗan Ƙofar Marusa, tsakaninka da Allah, ka taɓa zuwa taron kwamitin makarantar yaronka?

Ɗan Ƙofar Marusa: Yaya, ba a taɓa gayyata ta ba.

Maman 'Yan Biyu: Ka taɓa tambayar ranar?

Ɗan Ƙofar Marusa: Ban taɓa ba. Amma ban janye ba. Gobe zan je in tambayi ranar taro, kuma in na shiga zan nemi a karanta abin da ke asusu da takardar da aka rubuta kan kwanon nan, in an rubuta. In aka ce mani sai an tambayi na sama, zan dawo nan in maimaita maganata.

Tsohon Hedimasta: Ka biyo ta gida ka ɗauke ni a babur. Ni ba su iya ce mani takardar na wurin hedimasta, na san durowar.