Geji na DG-700, lamba ta ƙi tsayawa waje ɗaya

Ɗan_Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ina koyon aikin gwajin yoyon iska a gidaje nan Amurka, wannan da ake kafa fanka a bakin ƙofa a zuƙe iskar gida har bambancin matsin iska na ciki da waje ya kai paskal 50 (paskal ma'aunin matsi ne). To matsalata ita ce a gejin DG-700, na'urar da ke auna matsin iskar, lambar channel A mai nuna wannan bambancin sai rawa take, yanzu 47 an jima 54, na rasa wacce zan rubuta, maigidana kuma ba mai son tambaya bane. Gejin ne ya lalace ko yaya? Dan Allah masu sani a taimaka.

Injiniya_Sokoto: Wa alaikumus salam ƙanina. Da wuya ace gejin ne, ina kyautata zaton iska ake a waje. Paskal ƙaramin abu ne sosai, kusan 249 ne ke yin inci ɗaya na ruwa, kaga ko 'yar iska ta kaɗa sai lamba ta motsa. Ka duba tiyon gejin da ka fitar waje, kar ka bar shi gaban fanka inda iska ke fita, ja shi gefe jikin bango, kuma ka tabbata ba wanda ya taka shi ko ruwa ya shiga ciki. Sannan kafin ka kunna fanka ka rufe bakinta ka ɗauki baseline, wato bambancin matsin da ke nan tun kafin fanka ta fara aiki, shi gejin zai riƙa cirewa da kansa, ka kuma maida time average, wato tsawon lokacin da yake ɗaukar matsakaicin lamba, zuwa sakan 10 ko long (mai dogon lokaci). In ka sa gejin a PR/FL@50 ma, saitin da ke ƙiyasta yawan iskar a paskal 50, ba dole sai ka tsaya cif kan 50 ba, shi zai lissafa maka.

Amma abin da yafi kada sabbin shiga shine ring, zoben da ake sawa a bakin fanka don rage faɗinsa. Shi channel B, wanda ake haɗawa da fanka, matsi kawai yake ji, sai ya juya shi zuwa CFM (cubic feet na iska a minti ɗaya) bisa abin da ka gaya masa, in ring A ne a jikin fanka kai kuma ka bar config (saitin ring a gejin) a ring B, zai baka lamba mai kyau tsaf kuma ƙarya ce.

Ɗan_Fagge: Na gode yaya, Allah ya ƙara basira. To ACH50 ɗin fa, wato sau nawa iskar gida ke canzawa cikin awa ɗaya a paskal 50, gejin ne ke bayarwa?

Maman_Hanif: Da kanka ma zaka iya, CFM50 (CFM ɗin da ka samu a paskal 50) sau 60 ka raba da girman cikin gidan. Misali 1,200 a gida mai cubic feet 16,000 zai baka 4.5, kuma dokar IECC, ta tattalin makamashi a gine-gine, ta shekarar 2012 iyakar ACH 3 ta sa a yankuna masu sanyi, 5 a masu zafi sosai, sai dai kowace jiha da wadda take bi. Na bututun AC kuma paskal 25 ake yi ba 50 ba, a liƙe duk ramukan fitar iska tukuna. Kuma dan Allah ka kashe hita da duk abin da ke cin gas kafin ka fara, murhun falo in da toka a kwashe, in ba haka ba matar gida zata ci maka mutunci.

Bala_AC: Ikon Allah, mu nan Abuja da tafin hannu muke laluben inda bututu ke yoyo a silin. Nawa ake saida gejin nan, kuma zai yi aiki ba tare da fankar ba?

Injiniya_Sokoto: Matsi zai auna maka Malam Bala, amma yawan yoyon sai da fanka mai awo irin Duct Blaster, fankar gwajin bututu.