Dalar 1913 da aka ce samfurin gwaji ce

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya wani bawan Allah ya zo rumfata a kasuwar Kurmi da dala ɗaya ta azurfa, wato sule biyu na zamanin Turawa, bugun 1913. Fuska ɗaya kan Sarki Joji na Biyar ne da kambinsa, ɗayar kuma bishiyar kwakwar manja. Ko ƙwarzane babu, ganyen kwakwar ma ana ƙirga shi ɗai-ɗai. Ya ce samfurin gwaji ce, irin wadda ake bugawa a nuna wa manya kafin a saki kuɗi, ya kuma sa mata kuɗin sabon babur. Ni dai na gamsu. Kuɗin da ya haura shekara 110 bai goge ba, ai bai taɓa shiga kasuwa ba.

Baba Maƙeri: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka biya tukuna. Tun ina yaro nake zama gaban mahaifina a maƙerar farfaru, kuma irin wannan dala sabuwa fil na ga ya narkar ba adadi, ana yin munduwa da zobba. Tsofaffinmu ba sa kashe azurfa in suna da yadda za su yi. A ƙulle ta a tsumma, a jefa tukunya, a binne a ɗaka. Wadda aka binne tun tana sabuwa, yaushe za ta goge?

Ɗan Kurmi: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ta ƙasa ai baƙi take yi. Wannan fa fara ce tas.

Baba Maƙeri: Ruwan tsamiya da toka kan mai da ta fara kafin ka gama alwala. Farin ma shi ya sa ni shakka.

Malamin Tarihi: Maganar Baba tana kan hanya. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, a 1913 ta fito da dala, sule, sisi da taro na azurfa, domin Nijeriya, Gwalkwas (Ghana ta yau), Saliyo da Gambiya. Ka ga 1913 shekarar fitowa ce, miliyoyi aka buga don ƙasa huɗu, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe. Daga 1920 azurfa ta yi tsada, aka koma tagulla. To duk mai hankali da ya ga sabon sule ja, sai ya ɓoye farin. Shi ya sa masu kyan ba su ƙare ba har yau.

Samfurin gwaji kuwa wani abu ne daban. 'Yan ƙwarori kaɗan ake bugawa a gidan buga kuɗi, kuma yawanci sukan saɓa wa wanda aka saki: ko zanen ya bambanta, ko ƙarfen, ko rubutun. Naka fa, me ya raba shi da sauran dalolin 1913? In babu, dala ce mai kyau, shi ke nan.

Mai Tara Sulalla: Malam, a nan ban bi ka ba gaba ɗaya. Gidajen buga kuɗi kan yi wani bugu na musamman, zane iri ɗaya da na kasuwa, amma an goge hatimin har filin kuɗin ya zama kamar madubi, don ajiya da kyauta. Jami'an mulkin mallaka nawa suka zauna Kano da Kaduna da Zungeru? Ba abin mamaki ba ne ɗaya ya bar wa kukunsa ko masinjansa. Kada mu kore abu don kawai a Kurmi ya ɓulla.

Malamin Tarihi: Yallaɓai, ban kore ba. Amma ka ga kai ma ka sauka daga samfuri ka koma bugun ajiya, kuma shi ma ba da baki ake tabbatar da shi ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda kalmar samfuri ta zama tarkon dillalai. Ga misali: Sarki Edward na Takwas ya hau a Janairun 1936, ya sauka a Disamba. An buga kwabo da ɗari da anini da sunansa don ƙasashenmu, masu huda a tsakiya, babu kansa a jiki, babu azurfa a ciki, kuma suna nan da yawa. Amma daga baya wasu 'yan kasuwa a Ingila suka riƙa buga manyan tsaba da kansa da shekarar 1936 da sunayen ƙasashen mallaka iri-iri. Babu gwamnatin da ta sa su. Yau ana tallar su a intanet, wai samfuri.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar abin ya fi sauƙi. Faransa in ta buga na gwaji takan rubuta ESSAI a jiki, kamar faran ɗaya da faran biyu na 1948 na yankin Afirka ta Yamma. Na kasuwa alminiyam ne, na gwajin wani ƙarfe mai nauyi. Yaya, duba taka da kyau, akwai wani ƙaramin rubutu?

Ɗan Kurmi: Na sa gilashi. Akwai ƙaramin H ƙarƙashin bishiyar. Mai ita ya ce wannan ce alamar.

Mai Tara Sulalla: A'a, nan kam ya faɗi ba daidai ba. H na nufin kamfanin Heaton da ke Birmingham ne ya buga, kamar yadda KN ke nufin King's Norton. Ina da sule uku masu H, duk sun goge.

Hajiya Inna: Ku yi haƙuri in sa baki, 'ya'yana. Ni wannan rububin samfuri bai taɓa burge ni ba. Kuɗin da bai sayi gero ba, bai shiga sadakin kowa ba, ina ruwansa da mu? Ina da liyari na kakata, mai kan sarauniya Mariya Taresa, an huda shi an zura zare ja. Fuskar ta shafe don goguwa da wuya, sai ka karkata shi ga haske kake ganin 1780. An ce min shekarar ma ba hujja ba ce, tunda ita aka ci gaba da bugawa a kansa shekaru aru-aru. Ban damu ba. Da shi aka kai ta ɗakin miji, kuma ba zan musanya shi da samfuri goma ba.

Mai Tara Sulalla: Inna, Allah ya ja kwana. Amma na gwajin ma tarihinmu ne. A jikinsa ake ganin abin da suka so su ɗora mana da abin da suka fasa. Anini na 1907 da rubutun Larabci da tauraro mai tsini shida, ai sai da wani ya zauna ya yi shawara kafin ya iso hannun talaka.

Baba Maƙeri: Ɗana Ɗan Kurmi, gobe bayan azahar kawo ta in ɗora a sikeli. Ta gaske giram 11 ce da ɗan ɗori, maganaɗisu ba ya kama ta, kuma in na ƙyasta ta zan ji amonta. In ta ci, ka yi masa tayin dala mai kyau, ban da kuɗin babur. Kafin nan kada kowa ya sake wanke ta.

Ɗan Kurmi: To Baba, in sha Allahu. Zan taho da mai ita, ya ga awon da idonsa.