Maki 91 da Hawayen Ƙanwata

Ɗiyar Gobarau:

Ƙanwata na tarar a ɗaki da dare,
Tana sharar hawaye, ga ta riƙe da waya.
Wai gwajin tsarki ake yayi a ajinsu,
Tambaya 100, ana bin su ɗaya-ɗaya.
Duk wadda ka taɓa aikatawa ka latsa,
Nan take makinka ya ja da baya.
Ta sami 91, ta tura wa ƙawaye,
Suka ce "Ina tara?", aka sa mata dariya.

Ɗan Kusugu:

Yaya, ki yi haƙuri, wasan ɗalibai ne,
Na Jami'ar Rice, can wata nahiya.
Daga Houston ta Amurka ya taso,
Intanet ta yaɗa shi ko'ina a duniya.
Ni ma na yi shi nan Daura ran Juma'a,
Na rufe shafin, na kwana lafiya.

Ɗiyar Gobarau:

Ƙanena, kai namiji ne, ka kwana,
Ita kwana biyu ba ta je Islamiyya.
Hoton makin ya zaga, ya kai ga gwaggo,
Ta kira Inna, muryarta ba lafiya.
Na zaunar da yarinyar, mun bi taran nan:
An taɓa kai ta gun shugaban makaranta, ɗaya.
Sauran ma rabi ba ta gane Turancin ba,
Ta latsa kawai, wallahi ba ƙarya.

Baba na Ƙofar Soro:

'Ya'yana, na duba ma'aunin da kaina,
Riƙe hannu da shan ƙwaya, makinsu ɗaya.
Wane awo ne ba ya da gurbin tuba?
Wa ya ba na'ura sanin zuciya?
Abin da Allah Ya rufa maka da dare,
Don me za ka yaye shi da safiya?
Mu ne na Dikko, ɗakin kara,
Ba tsoro aka san mu da shi ba, kunya.

Ɗan Kusugu:

Baba, na ji, na goge nawa yanzu,
Ashe na aika wa mutum goma sha ɗaya.
Yaya, ki gaida ta, ki ce in ji ni.

Ɗiyar Gobarau:

Za ta ji. Gobe da hantsi mu biyu,
Gidan gwaggo za mu fara tsayawa a hanya.